Sunanta iskar dariya, amma tana kwantar da ƙafafu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Damagaram, ina roƙon fili in yi magana kan iskar da wasu samari ke shaƙa a cikin balan-balan.

Ƙanena da ke karatu a Jamus ya ce can Lachgas suke kiranta. Kalmomi biyu aka haɗa, yadda Jamusanci ya saba: lachen, wato yin dariya, da Gas. Ba Jamusawa suka raɗa sunan ba, daga Ingilishi suka kwaso shi. Masanin kimiyya Joseph Priestley ya gano iskar a Ingila a 1772. A 1799 wani masanin, Humphry Davy, ya shaƙe ta a Bristol, shi da abokansa suka yi ta ƙyalƙyala dariya, sunan kuwa ya bi ta har yau. Mu a wurin aiki protoxyde d'azote muka san ta.

A hannun likita rahama ce, don tana kashe zafi. Tun 1844 likitan haƙori Horace Wells ya sa aka cire masa haƙori da ita a Amurka. Amma likita yakan gauraya ta da oksijin, yana tsaye kan majiyyaci. Yaro kuwa zallarta yake zuƙa. Tana kashe aikin bitamin B12, jijiyoyin laka su soma lalacewa. Da fari ya ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, sai ƙafar ta mutu, sai tafiya ta gagara. Sunan mai daɗi shi ke ruɗin yara, wallahi abin na damuna.

Kwanan baya, bayan wani biki, na tsinci ƴan kwalaben ƙarfe farare da ake sayar da iskar a ciki, tsawon ɗan yatsa, zube bakin kwata tare da fasassun balan-balan. Yara ƙanana na tattara su suna wasa.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita a Yulin 2023, Ingila ta haramta shaƙarta don nishaɗi a Nuwamban shekarar. Abin da ya shiga Kano kuwa ba ya daɗewa bai biyo hanyar Matamai ko Magarya ba. Mun ga yadda tramol ya shigo fadodin samarinmu muna kallo.

Ina roƙon gidajen rediyonmu da limaman Juma'a su yi bayaninta da Hausa, ƴan duwan su san kamannin kwalaben. Uban da ɗansa ya ce ƙafarsa na mutuwa, ya kawo shi asibiti ranar, yaron kuma ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya shaƙa.

Naku,
Ma'aikacin jinya,
Unguwar Birni, Damagaram