Zuwa ga Aboki Mai Niyyar Ziyarar Hatay

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, na ga saƙonka kan niyyar ziyartar kabarin Habibun Najjar da ke Antakiya, a lardin Hatay na Turkiyya, mutumin da malaman tafsiri da dama suka ce shi ne ya zo da gudu daga ƙarshen gari a Suratu Yasin. Allah Ya cika buri.

Malam, kada ka dogara da tsohuwar taswira ko hotunan intanet. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya, kuma lardin Hatay ne ya fi jin jiki. Masallacin Habibun Najjar da ke Antakiya kansa ƙubbarsa da hasumiyarsa sun rufta, sai gini aka sake. Unguwanni sun koma fili. Kwatancen "bayan otal kaza" ba ya aiki, domin otal ɗin babu shi. Ka riƙe kogin Asi da dutsen da ke gabashin gari, su ne ba su gusa ba.

Filin jirgin Hatay a kan busasshen tafkin Amik aka gina shi, girgizar ta tsaga titinsa, don haka ka tabbatar jirgi na sauka kafin ka yanki tikiti. In ba haka ba, ka biyo ta Adana a bas, kusan kilomita 190, ta Iskenderun da hawan Belen. A Iskenderun girgizar ta sa bakin gaɓa ya nutse ƙasa, in iska ta taso ruwan teku yakan malalo kan titi, to kada ka kama masauki daf da ruwa. Ɗakin kwana ka kama shi tun kana gida, ma'aikatan gini sun cika otal-otal.

Ƙura ce babbar matsala. Tsofaffin gine-ginen da aka rushe wasunsu na da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, ga manyan motoci suna ta jigila. Ka tafi da takunkumin N95 kamar biyar, da takalmi mai rufi saboda rodi da ƙusa, ruwa kuma na gora kaɗai.

Daga Antakiya zuwa Samandag kilomita 25 ne a ƙananan bas da suke kira dolmush. A bakin teku akwai farar ƙubba da mutanen wurin ke cewa nan Annabi Musa ya haɗu da Halliru. Maganarsu ce, ban ce ka ɗauke ta hujja ba. Za ka ga har motoci suna kewaya ta sau uku. Ka yi kallo, ban da gardama. Larabcinka zai yi maka rana a can, domin da yawansu suna jin Larabci.

Unguwannin kwantena da aka kafa wa waɗanda girgizar ta raba da muhallinsu gidajen mutane ne, kada ka ɗauki hoto sai da izini. Tsarabar sabulun man itacen laurel kuwa ka saya a hannun masu ƙananan rumfuna, ka rage ciniki.

Ka gaida Hajiya da yara. Wassalam.

Naka har kullum.