Kwana uku gare ni a Turai: in tafi Andalus ko in tsaya kusa?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron wannan fili. Yawancin wasiƙun da kake karantawa na rikicin aure ne, ko gado, ko bashi, shi ya sa na yi ta jan ƙafa kafin in rubuto, kada a ce ƙoshi ne ke damuna. To amma yau mako biyu ke nan maganar na hana ni barci.

Ni malamin sakandare ne a Zariya, ina koyar da tarihi, shekarata 39. Yayana, wanda Allah ya buɗa wa a kasuwanci, zai kai iyalinsa hutu Faransa a watan Agusta, ya ce in raka shi. Shi ya biya kuɗin jirgi da na masauki a Faris. Biza ta fito, ta shiga ɗaya, kuma kwana 10 za mu yi. A ciki akwai kwana 3 da shi da matarsa da yara huɗu za su tare a Disneyland, wurin wasan yara, can gabas da birnin. Malam, ni da furfura ta fara leƙowa a gemuna, ban ga abin da zan yi kwana uku ina bin lilo da mutum-mutumin ɓera ba. Na roƙi Yaya ya bar ni in yi 'yar tafiyata ni kaɗai a waɗannan kwanaki. Ya ce "to", amma irin "to" ɗin da ba ta kai ciki ba. Na tara yuro 600 daga aljihuna, kuma duk wanda ya san yuro ɗaya ya haura naira dubu ya san irin ɗaure cikin da malamin makaranta ya yi kafin ya haɗa wannan.

Landan na fara tunani, don ina da abokin karatu a can, kuma jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku awa biyu da 'yan mintuna yake yi daga Faris. Ashe bizar Shengen, wato ta yankin ƙasashen Turai da Faransa ke ciki, ba ta shiga Ingila, kuma da tawa mai shiga ɗaya, in na fita yankin ba dawowa. Wannan magana ta mutu.

Sai Beljiyam. Daga Faris zuwa Burasels bai kai awa ɗaya da rabi ba a jirgin ƙasa, daga nan Buruj, garin nan mai magudanan ruwa da tsofaffin gine-gine, kamar awa ɗaya ne. Ga sauƙi, ga araha, ga wani aminina ɗan Maraɗi da ya ce ɗakinsa nawa ne. Sai dai na san mu. In na sauka gidansa tafiya ta zama ziyara: tuwo da miyar kuka, hirar siyasar gida har tsakar dare, gobe a kai ni gaida wane, jibi in dawo ban ga komai ba sai Hausawa. Yaya kam wannan yake so in zaɓa.

Uwargida, wadda ba za ta samu zuwa ba saboda goyo, ita Suwizalan take so in je, in ɗauko mata hoton ƙanƙara. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ja hankalina. Awa uku ne a jirgin ƙasa zuwa Basel, sannan a ƙarasa Intalaken, garin da ke tsakanin tafkuna biyu. Daga can ake hawa zuwa tashar Jungfraujoch mai tsayin mita 3,454, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, inda ko a Agusta ƙanƙara ba ta narkewa. Amma tikitin hawan da saukowa kaɗai ya haura faran 200 na kuɗin Suwizalan, ban da masauki da abinci a ƙasar da kowa ya san tsadarta. In kuma ranar ta zo da hazo, na biya kuɗin ne in kalli farin gajimare, abin da hunturun Zariya ke ba ni kyauta.

Yanzu ga inda zuciyata take, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne. A gabansa na karanta Ahalari da Ishmawi, sannan Ƙurɗabi. Ina yaro na ɗauka Ƙurɗabi sunan littafi ne kawai, sai da na girma na gane ashe jingina ce ga gari, wato Ƙurɗuba, wadda Turawa ke kira Kodoba, a kudancin Sifaniya. Ishiriniyar da muke rerawa a watan Maulidi, mai ita Alfazazi mutumin Andalus ne. Ashafar da ake karantawa da azumi, mai ita Alƙali Iyal ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa, can Andalus. Har yanzu ina ganin Baba a kan buzunsa, ya kwance gafaka, ya ɗan jiƙa yatsa ya ɗaga warƙa ɗaya da gefenta ya cinye, yana cewa, "Mutanen Andalusa, ai malamai ne na gaske." Ya rasu ko hoton wurin bai taɓa gani ba. Ni kuma shekara 12 ina tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina masallacin Ƙurɗuba wajen shekarar 785, cewa Kiristoci sun karɓi garin a 1236, cewa Garnaɗa ta faɗi a watan Janairun 1492. Duk ji ne. Gani kuwa ya kori ji.

Na zauna da biro na tsara tafiyar. Rana ta farko jirgin sama daga Faris zuwa Malaga, kamar awa biyu da rabi, sai bas na wajen awa biyu zuwa Garnaɗa. Da yamma in hau unguwar Albaisin, in yi magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa ake hango fadar Alhamra tsaf a kan tudu. Rana ta biyu da sassafe in shiga Alhamra, in ga rubutun nan na "Wa la galiba illallah" da aka zana a bango ko'ina, da yamma in kama jirgin ƙasa na kamar awa ɗaya da rabi zuwa Ƙurɗuba. Rana ta uku in shiga masallacin mai ginshiƙai sama da 850, in koma Malaga, in kwana a Faris. Ko Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina kilomita 8 daga Ƙurɗuba, babu gurbinta a lissafin. A takarda abin ya yi kyau. Amma da na sake dubawa sai na ga tsere ne ba yawon buɗe ido ba. Tikitin fadojin cikin Alhamra da lokaci a jikinsa, da sunanka, sai ka nuna fasfo, in ka makara ka yi asara. Jirgi ɗaya ya yi jinkiri, komai ya wargaje.

Ga kuma zafi. A Agusta Ƙurɗuba takan wuce digiri 40. Da Yaya ya ji sai ya fashe da dariya, ya ce, "Ka baro zafi a gida, ka biya kuɗi ka tafi neman wani." Zafin bai dame ni sosai ba, wanda ya yi azumin Afrilu a Arewa ba ya tsoron rana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masallacin Ƙurɗuba yanzu majami'a ce, an gina coci a tsakiyarsa, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Ina tsoron in tsaya gaban wannan mihrabi lokacin azahar ya yi, in fito da ƙunci maimakon farin ciki. Wani malami abokin aikina ya ce in bar wa zuciyata Andalus ɗin da ke cikin littafi, ta fi daɗi. Ban yarda da shi ba, amma maganar ta ƙi fita daga kaina.

Sai maganar kaɗaici, kuma nan ne nake jin kunya. Fitata waje ɗaya ce tak, Umra a 2019, ita ma cikin ayari. A Madina bayan isha'i na fita ta ƙofar da ba ta nan na shiga ba. Awa biyu ina zagaye, takalmi a hannu, duk otal-otal ɗin kama ɗaya, waya ta mutu, sai da wani Bahaushe mai sayar da dabino ya kama hannuna kamar yaro ya kai ni ƙofar masauki. Yaya yana cikin tafiyar, kuma bai manta ba. A can ina jin Larabci, ga Hausawa ko'ina. A Sifaniya kuwa kalma ɗaya ban sani ba, ƙasar da naman alade ke rataye a kusan kowane gidan abinci, ko da yake a Garnaɗa akwai titin 'yan Maroko mai shagunan shayi da abincin halal. Ina kuma tunanin baƙin mutum shi kaɗai, da koren fasfo, in ɗan sanda ya tsayar da shi ya fara tambaya da harshen da ba ya ji.

To Malam, ka taimake ni da shawara. Taura biyu ba ta taunuwa: in zaɓi Garnaɗa kaɗai in kwana biyu a natse, in bar Ƙurɗuba, alhali ita ce garin littafin Baba, kuma ban san ko Allah zai sake kai ni Turai ba? Ko in rufe ido in haɗa su biyun, abin da ya faru ya faru? Sannan Yaya. Shi ya ɗauki nauyina, bai hana ni ba, bai kuma saki fuska ba. Matarsa ta ɗan tsegunta wa uwargida cewa ya so in taya shi kula da yaran a cikin cunkoso. In na tafi, butulci ne? In akwai yadda zan zauna da shi in yi masa bayani ba tare da ya ga kamar na raina abin da ya shirya ba, ka koya mini kalmomin, don ni gaban Yaya bakina mutuwa yake yi.

Ina roƙon a karanta wasiƙata da wuri in da hali. Tikitin Alhamra na watan Agusta ƙarewa yake yi tun da sauran makonni, kuma jiya da na duba, gurbin safiya a ranar da nake so ya fara yin wuya.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Wani malamin tarihi, daga Zariya