Filin Chatsworth Aikin Hannu Ne, Ba Daji Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da jaridarku ta buga a kan gidajen sarakunan karkara na Ingila, inda marubucin ya ce filin da ke kewaye da gidan Chatsworth daji ne da aka bari yadda Allah Ya halicce shi. Ina neman izini in yi gyara, domin kusan duk abin da ido ke gani a wurin, sai da aka zauna aka tsara shi, aka kuma kashe masa dukiya.

Gidan yana yankin Derbyshire, a bakin kogin Derwent, kuma yana hannun zuriyar Cavendish tun shekarar 1549. Wajen 1760 ne Duke na Devonshire na huɗu (Duke ita ce sarautar da shugaban zuriyar ke riƙe da ita) ya ɗauko mai tsara lambuna Lancelot Brown, wanda ya mayar da gonaki wuraren kiwo, ya faɗaɗa kogin, ya dasa itatuwa rukuni-rukuni, har filin mai kusan eka 1,000 ya zama kamar hannu bai taɓa shi ba. Wannan shi ne gwanintarsa, kuma ga alama ita ce ta ruɗi marubucinku. Bareyi da tumakin da ke kiwo a ciki ma aiki suke yi, don su ne ke rage ciyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsallake maganar ƙauyen Edensor, wanda mutanen wurin ke kira Enza. Gidajen talakawa ne da ake hangowa daga tagogin maigida, sai aka fara rushe su a zamanin Duke na huɗu, sannan tsakanin 1838 da 1842 Duke na shida ya sake gina ƙauyen a bayan tudu, inda ba zai tare masa gani ba. Gaskiya ne an gina musu gidaje masu kyau, amma duk wanda ya yabi faɗin filin ya kamata ya faɗa wa masu karatu cewa a da akwai mutane a kai.

Haka kuma marubucin bai ambaci Joseph Paxton ba, ɗan manomi da aka naɗa shugaban masu lambu a 1826. Shi ne ya haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, ya janyo ruwa ta bututu, nauyin ruwan kaɗai yake cilla shi sama ba tare da inji ba. An yi wannan aiki a 1844 don tarbar Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya, wanda a ƙarshe bai ko taka gidan ba. Shi ne kuma ya gina ƙaton ɗakin gilashi na renon tsirran ƙasashe masu zafi, wanda ake ɗumama shi da kwal. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo ƙarancin kwal da ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe ginin a 1920. A lambun nan ne Paxton ya reni ayabar da ake kira Cavendish, irin da Kamaru da Gana ke fitarwa zuwa Turai a yau.

Bargar dawakai da James Paine ya gina, wadda aka yi wa dawaki 80, yanzu gidan abinci ce da kantuna, kuma dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Da Duke na goma ya rasu a 1950, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin ɗari na dukiyar a matsayin harajin gado, har iyalin suka rabu da gidan Hardwick da filaye masu yawa. Tun 1981 wata gidauniya ce ke riƙe da gidan da lambunsa mai eka 105 a kan hayar shekara 99, kuma kuɗin shiga da baƙi ke biya ne ke gyara rufi da biyan masu lambu. Shi kansa Duke haya yake biya a kan ɗakunan da yake zaune a ciki.

Ina fatan za a buga wannan gyara a fitowa ta gaba.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya