Man da ya dace da kaushin ƙafa bai dace da fuska mai ƙuraje ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin iyaye, 'yan mata da samari kan abin da ake shafa wa fuska. Mu masu harhaɗa magunguna ne a nan Bauchi, kuma da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, koke ɗaya ne ke yawaita: fata ta bushe, an laɓta mai, bayan 'yan makonni ƙuraje sun feso a goshi da kumatu. Sai a ɗora laifin a kan gyaɗa ko a ce jini ne, alhali sau da yawa matsalar tana cikin kwalbar da ke gaban madubi.

Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Matattun ƙwayoyin fata da ke zuba cikin ƙofar kamata ya yi su biyo maiƙon su fito. Idan suka manne suka toshe hanya, sai ɗan ƙurji fari ya fito in bakin ƙofar a rufe yake, ko mai baƙin kai in a buɗe yake. Baƙin nan ba dauɗa ba ce, iska ce ta taɓa abin da ya taru ya sauya launi, shi ya sa dirza da soso ba ta fitar da shi. Daga nan ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura ya tara mugunya. A baƙar fata kuma, ƙurjin da ya kumbura yakan bar baƙin tabo na tsawon watanni.

Wanda fuskarsa ke saurin ƙuraje ya nisanta ta da man kwakwa, man koko, manja da man zaitun. Ga wasu sunayen kamar yadda ake buga su a bayan kwalba: Cocos nucifera oil shi ne man kwakwa, Theobroma cacao seed butter shi ne man koko, sai isopropyl myristate, isopropyl palmitate, myristyl myristate, laureth-4 da acetylated lanolin. A lura da isopropyl myristate musamman. Ana sa shi ne domin mai ya yi saurin shiga fata ba tare da danƙo ba, don haka mai zai iya zama marar nauyi a hannu amma yana toshe ƙofofin gashi.

Kafin ki biya kuɗi a kasuwar Wunti ko a kanti, 'yar uwa, juya kwalbar. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka biyar ko shida na farko su ne ainihin man. In ɗaya daga cikin waɗancan sunaye ya faɗo a cikinsu, ki bar shi ga hannu da ƙafa. In can ƙarshen jerin yake, abin da aka sa kaɗan ne, ba lallai ya cutar ba.

Kada kuma a ɗauki jerin nan kamar yankan wuƙa. Masu binciken fata na Amurka, Kligman da Mills, su suka bayyana ƙurajen kayan shafa a 1972, kuma yawancin gwaje-gwajen da suka biyo baya, har da ma'aunin ƙarfin toshe ƙofar gashi na 0 zuwa 5 da likitan fata Fulton ya wallafa a 1989, a kunnen zomo aka yi su, wanda ya fi fatar mutum saurin toshewa. Haka nan rubutun "non-comedogenic", wato ba ya toshe ƙofofin gashi, a gaban kwalba alama ce mai kyau, amma babu wani gwaji guda da aka wajabta wa kowane kamfani kafin ya rubuta shi. Gwajin da ya fi amfani shi ne na fuskarka: ka shafa sabon mai a gefen muƙamuƙi ɗaya kawai na mako uku zuwa huɗu, kada ka sauya komai a lokacin. Toshewa ba ta nuna kanta a kwana biyu, kuma wanda ya sauya sabulu, mai da hoda a rana ɗaya ba zai taɓa gane mai laifin ba.

Man kaɗanya da basilin ba su cika toshe ƙofa ba a gwaji, amma suna da kauri, suna riƙe zufa da ƙura. Wurinsu leɓe, gwiwar hannu da diddige. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne a sake shafa mai bayan kowace alwala, ruwa kuwa ba ya wanke na baya, sai a wayi gari an jibga shi sau biyar a yini. Fuska ba ta buƙatar fiye da kwatankwacin ƙwayar wake, safe da dare, na mai marar kauri mai ɗauke da glycerin, dimethicone ko niacinamide. In zafin Maris da Afrilu ya shigo, a ƙara ragewa.

Idan ƙurajen ƙanana ne, sun yi layi a goshi da gefen kunne, a duba man kitso. Tun 1970 likitoci suka san wannan nau'in. Man yana narkewa da zufa ya gangaro, ɗankwali, hular hijabi ko hular maza kuma su danne shi a fata. A bar tazarar yatsa biyu daga bakin gashi, a riƙa wanke hula da rigar matashi duk mako.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne man haɗi da ake sayarwa a roba babu suna, babu jerin sinadarai, babu lambar NAFDAC, da kuma man tube mai uku-a-ɗaya da ake matsawa cikin man shafawa don a yi haske. Yawancinsu suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi na rage kumburin fata. Makonnin farko fuska takan yi sumul, daga baya ƙuraje masu girma iri ɗaya su feso a fuska, ƙirji da baya, babu masu baƙin kai a cikinsu, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Wannan ba toshewar mai ba ce, illar magani ce, kuma daina shi farat ɗaya bayan dogon amfani yakan sa fuska ta yi ja da raɗaɗi, don haka a daina a hannun likita. Masu gyaran jikin amare, don Allah ku ji tsoron Allah kan abin da kuke haɗa wa 'ya'yan mutane, kuma kada a fara wa amarya sabon abu saura mako biyu biki.

Wajen wanka, sau biyu a yini da sabulu mai laushi ya isa. Sabulun salo yana da kaifi, yakan busar da fuska har ta yi ta tsatstsaga. Lemon tsami da man goge baki ƙona fata suke yi su bar tabo. A wanke hoda kafin barci, a wanke soson shafa ta duk mako. Don buɗe ƙofofin da suka toshe, akwai salicylic acid mai kashi 2 cikin 100. Ga masu kumburi, benzoyl peroxide mai kashi 2.5 zuwa 5, amma yana kore launin tawul da hijabi. Adapalene mai kashi 0.1 ana shafa shi da dare, kwatankwacin ƙwayar wake ga dukan fuska, a fara da tsallake dare ɗaya, kuma mai juna biyu ko mai neman haihuwa ba ta amfani da shi. Sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki.

Wanda ƙurajensa manya ne, masu zurfi da zafi, suna barin rami a fata, kada ya tsaya sauye-sauyen mai. Ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani babban asibiti ya nemi ganin likitan fata, ya tafi da duk kwalaben da yake amfani da su, har da man kitso.

Wassalam.

Daga wasu masu harhaɗa magunguna,
Bauchi.