Ba a koyon lafazi a kan takarda

Assalamu alaikum malam Edita,

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Zariya, kuma ina sauraron shirinku na ilimi duk mako. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

A Turanci kalma mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi da tsayi, kuma wani lokaci ma'anar kalmar gaba ɗaya a nan take. In ka danna farkon record ka ce REcord suna ne, in ka ce reCORD ya koma aikatau. Haka present, PREsent kyauta, preSENT gabatarwa. Ga PHOtograph, da ya zama phoTOgraphy sai ƙarfin ya matsa gaba.

To yaranmu a allo kawai suke ganin wannan, da manyan baƙaƙe kamar yadda na rubuta. Jarrabawar WAEC ta furuci ma a Najeriya tambaya 60 ce ta zaɓi A, B, C ko D, ba wanda zai buɗe baki, sai ka ga yaro ya haddace cewa kalma mai ƙarewa da tion gaɓar da ke gabanta ake dannawa, ya ci makinsa lafiya lau, ya fito kuma bai iya furta eduCAtion ba. Wallahi abin na min ciwo, don ba laifinsu ba ne, ba su taɓa ji ba.

Alhali kunnen Bahaushe a shirye yake. Wane yaro ne ba ya bambance kuka na hawaye da kuka ta miya? Ko gari na mutane da garin tuwo? Ba mai koya masa, ji ya yi tun yana goye. Gaskiya karin sautin Hausa daban, dannawar Turanci daban, amma ranar da na fara darasi da kuka da kuka, ajin nan ya gane cikin minti goma. Ko karatun allo ai daga bakin malam ake ɗauka.

Don Allah ku ware mana ko minti biyar a shirin, a samo mai lafazi mai kyau ya riƙa faɗin kalma a hankali, ya maimaita, yara na bin sa. Zan kawo rediyona aji.

Naka,
wani malami daga Zariya