Filin Reluwe Da Ke Bayan Unguwarmu: A Tambaye Mu Kafin A Zana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka, kuma maganar fili ce ta kawo ni.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Jos, shekara 6 ke nan da yin ritaya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan reluwe ne. Ya yi sama da shekara 30 yana bin layin dogo da guduma da shebur, yana ɗaure noti, yana gyara tsakuwa, kuma a kwatas ɗin reluwe aka yanke mini cibiya. A bayan unguwar da nake zaune yanzu akwai wani zirin fili na reluwe, inda a da ake ajiye taragun kaya su jira lodi. Na sha auna shi da ƙafa: taku 400 da ɗoriya a tsawo, faɗinsa wani wurin taku 40, wani wurin bai kai 20 ba. Rabon da tarago ya tsaya a nan tun ina saurayi. Dogon ma rabi ƙasa ta binne, ɗaya rabin kuwa 'yan jari-bola ne suka san inda ya kwana.

Wata Talata a cikin watan jiya na fito sallar asuba na tarar an sauke tifa biyu na yashi da tulin bulo a gefen gabas. Kafin Juma'a katanga ta kawo mini ƙirji. Muka tambayi magina, suka ce su aiki aka ba su. Muka je wurin mai unguwa, ya ce shi ma da ido ya gani kamar kowa. Da muka matsa, sai wani saurayi ya zo da takarda a cikin leda, ya ɗaga mana ita daga nesa, ya ce haya aka ba maigidansa. Wa ya bayar, na shekara nawa, nawa aka biya, duk bai ce uffan ba. Ban ce takardar bogi ba ce, don ban karanta ba. Amma na san abin da ke wurin kafin a katange shi: duwatsu biyu ne da yara suka jera shekara da shekaru, su ne ragarsu ta ƙwallo ta gabas.

Wanda ya wuce a mota zai ce kango ne. To ya zo ya wuni tare da ni. Da sassafe, a cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, mu tsofaffi ne muke kai da kawowa da rigunan sanyi, masu hawan jini da masu ciwon suga da likita ya ce mu riƙa takawa, saboda a kan titi 'yan Keke ba sa barin tsoho ya yi tafiyar natsuwa. Da hantsi mata su fito da buhuna su baza barkono da kuɓewa da dusar awara, su bar yarinya ɗaya da tsumagiya tana korar awaki. A gindin mangwaro akwai makanikai uku da yaransu, mutum 11 idan na ƙirga har da mai faci. Can ƙasa wajen kwalbati wani dattijo yana da ɗan lambu, kunya 9 ta latas da kabeji da karas, da shi ya aurar da 'ya'ya mata biyu. Da la'asar sakaliya kuwa filin na yara ne.

A nan zan ɗan daɗe, Malam Edita, don shi ne abin da ya hana ni barci. Duk ɗan Jos ya san abin da ya same mu a Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. Ba sai na tona ba. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa, har aka wayi gari akwai unguwannin da Musulmi ba ya kwana, akwai waɗanda Kirista ba ya kwana. A ajin da na fara koyarwa, benci ɗaya yakan ɗauki ɗan Hausa da ɗan Birom da ɗan Ibo da ɗan Afizere. A ajin da na bari ranar da na ajiye alli, kusan duka sunayen rajista iri ɗaya ne. Wannan zirin fili ya faɗo ne daidai tsakanin unguwarmu da ta maƙwabtanmu Kiristoci, kuma da yake ba na kowa ba ne a cikinmu, babu wanda ke jin ya shiga gonar wani idan ya taka shi. A iya sanina, nan ne kaɗai wurin da jikana yake haɗuwa da yaran tsallake ba tare da soja ko ɗan sanda a tsaye ba. Bara ya karye a hannu wajen ƙwallo. Yaro biyu ne suka riƙo shi har ƙofar gidana, ɗayan da sarƙar gicciye a wuya, yana ta cewa "Baba, ba da gangan ba ne." Washegari uwarsa ta aiko da lemo da ayaba a leda. Tarukan zaman lafiya nawa na halarta a otal, an ci an sha an ɗauki hoto, ban taɓa dawowa da abin da ya kai wannan ledar nauyi ba.

Ba zan yi wa filin kwalliyar da ba shi da ita ba. Gefen kudu ya zama bola, leda da ɓawon rake da mushen kaza. Wasu sun mai da bayan tsohon ɗakin ajiya ban-ɗaki. Bayan magariba kuma ba na barin ko jikata ta bi ta nan, domin 'yan shaye-shaye ne ke karɓar wurin har asuba. Masu cewa gara a gine shi a huta da wannan suke kafa hujja, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai shago 40 da za a jera ba za su kori 'yan ƙwaya ba, lungu kawai za su ƙara musu. Fitila da idon jama'a ne ke korarsu.

Matasa da yawa ba su san cewa jirgin ƙasa ne ya raini garin nan ba. Kafin dogo ya iso, a ka ake ɗaukar kuza. Sai Turawa suka shimfiɗo wani siririn layi daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya iso Jos da Bukuru a 1914. Sunan Bauchi aka laƙaba masa, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Mahaifina yakan ba mu dariya da labarinsa, wai idan ya zo hawan tudu har mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya tarar da shi. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, ya haɗa mu da Fatakwal, ƙaramin kuma ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957. Daga Kuru aka ja layin da ya kai Maiduguri a 1964. Sunan Taminus da muke kiran yankin kasuwa na tsakiyar gari da shi kullum, ƙarshen layin dogo yake nufi. Kowane ɗayan waɗannan ayyuka ya bar filaye a bayansa: wuraren lodi, wuraren juya tarago, kwatas, ɗakunan ajiya. Yanzu da babu kuzar da ake lodawa a tarago, su ne kusan sauran sararin da ya rage a tsakiyar gari, musamman tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka bazu kan kowane taku na Taminus.

Na san filin ba na unguwa ba ne, ba kuma na gwamna ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma ta ware waɗanda ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta, kuma na reluwe suna ciki. Hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, tana da kamfaninta na musamman mai kula da filaye da gidajenta. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, amma bai miƙa musu filayen ba. Ke nan idan ana son wurin ya zama na shaƙatawar jama'a, sai jiha da hukumar raya birnin Jos sun zauna da masu filin an yi yarjejeniya a rubuce. Ni ban ga laifi ba idan hukumar ta nemi kuɗin shiga daga kadarorinta. Ban kuma ce a taɓa layin da jirgi zai bi ba; tunda ana ƙoƙarin farfaɗo da jirgin Jos zuwa Bukuru da Kuru, a bar masa hanyarsa da ratar da injiniyoyi suka ce yana buƙata, ni ne farkon mai sayen tikiti. Ragowar nake magana a kai, wadda jirgi ba zai sake komawa ba.

Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta kira taro a wani otal kan irin waɗannan filaye. Katin gayyata ɗaya aka aiko unguwarmu, aka ba ni saboda ina jin Turanci. Aka haska mana zane a bango: ciyawa shar kamar kafet, ruwa na tsiri a tsakiya, wurin shan askirim, katanga kewaye da ƙofa ɗaya da ɗakin mai karɓar kuɗi. Na ɗaga hannu na ce ina makanikai za su koma, ina mata za su yi shanya? Mai gabatarwa, yaro mai ladabi, ya ce za a duba. Na ce ruwan da zai yi tsiri daga ina, mu da famfonmu yakan yi sati bai ɗiga ba? Aka yi dariya, aka wuce. Daga baya na gane cewa duk cikin masu zanen babu wanda ya taɓa taka filin da damina. Da sun taka da sun ga cewa kusurwar da suka sa wurin wasan ƙananan yara ita ce inda ruwan unguwa biyu ke taruwa a watan Agusta, har gwiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma wanda ya ga ambaliyar unguwannin Rikkos da Gangare na nan Jos a Yulin 2012 ba zai yi wasa da hanyar ruwa ba. Duk filin da aka shafe da siminti, ruwansa ɗakin wani zai nufa.

A wurin taron an yi ta ambaton wani lambu a birnin Niyok na Amurka, High Line. Gaskiya ne, tsohon layin jirgin kaya ne a kan gada, jirgi ya daina binsa a 1980, har an yi niyyar rushe shi, sai mutum biyu mazauna unguwar suka kafa ƙungiya a 1999 suka tsaya kai da fata, aka buɗe kashin farko a 2009. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, da wurin ya yi kyau kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a kewayensa, masu ƙananan sana'o'i da yawa suka tattara. Ni darasi biyu na ɗauka: mutanen unguwa ne suka fara, ba ofis ba, kuma ana iya gyara wuri a kori waɗanda aka ce don su aka gyara. Kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Abin da muke nema bai kai tsadar ruwa mai tsiri ba. A turo safiyo ya kafa duwatsun iyaka da rana tsaka kowa na gani, a liƙa taswirar a ƙofar mai unguwa da masallaci da coci, tare da bayanin ɓangaren da aka riga aka bayar haya da shekarar da hayar za ta ƙare. A dakatar da sabon gini har a gama magana. Sannan a yi zaman a kan filin, a kan benci da tabarma, da Hausa, wadda ita ce harshen da mu da maƙwabtanmu muke ciniki da gaisuwa da shi. A ware wa mata nasu lokacin da hantsi, don idan aka haɗa su da mu a gaban masu unguwa ba za su buɗe baki ba, alhali sun fi mu sanin filin. A kira makanikai da mai lambu da kyaftin-kyaftin na yara. Na riga na ji ta bakin makanikan: sun yarda su koma kusurwar titi su biya haya, in dai za a ba su takarda, su kuma daina zubar da baƙin mai a ƙasa.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne. Ban-ɗaki mai ƙofa huɗu da wanda zai riƙa wanke shi ana ba shi na goro. Rijiyar burtsatse ɗaya. Fitilun sola a kan dogayen turaku inda hannu ba ya kaiwa. Magudanar ruwa a kusurwar nan ta Agusta. Itatuwan inuwa irin su ɗurumi da ceɗiya da mangwaro, ba itacen turare ba, wanda ke shanye ruwan ƙasa ya hana komai fitowa a gindinsa. Guntun dogon da ya rage a bar shi inda yake, a share ƙasar da ta rufe shi, yara su san abin da kakanninsu suka yi wa bauta. Kada a sa ƙofa, kada a sa kuɗin shiga, ko naira 50 ce. Ranar da aka sa, yaran da nake magana a kansu sun fita ke nan. Kwamitin kula da wurin kuma a raba shi daidai tsakanin unguwannin biyu, mabuɗin ɗakin ajiya ɗaya a nan, ɗaya a can.

Mun rubuta takarda, mutum 63 suka sa hannu daga ɓangarorin biyu, har da limaminmu da wani fasto na tsallake wanda mahaifinsa ya yi aiki a ƙungiyar lebura ɗaya da nawa. Mun kai inda ya kamata, an buga mata hatimi, an ce mu saurara. Katangar gabas dai an yi mata filasta shekaranjiya, yara kuma sun matso da duwatsunsu taku 30 ciki.

Idan kana da wakili a Jos, Malam Edita, ka turo shi wata Asabar bayan la'asar. Ya tambayi teburin mai shayi da ke bakin kwalbati, a nan zai same ni, zan zagaya da shi. Ya sa takalmin da ba ya tausayi, don gefen kudu sai a hankali.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare, ɗan leburan reluwe,
Jos, Jihar Filato.