Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a Manchesta kan fumfunar bango

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maman Fatima da yara. Ya sanyi, ya baƙunta? Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ga hotunan bangon ɗakin kwananku, na kuma ji batun tarin da Fatima ke yi da dare. Baƙin nan da ya yi ɗigo-ɗigo a kusurwar silin da gefen taga fumfuna ce, kuma fentin da kake shirin saye ba zai yi maganinta ba. Kafin sanyi ya fita za ta huda shi ta dawo.

Hunturunmu na gida busasshe ne, shi ya sa leɓe ke tsagewa, shanya ta bushe kafin azahar, girki kuma a tsakar gida ake yinsa. Can kuwa sanyi da laima tare suke zuwa, ga gida a rufe ruf, duk ruwan da kuka tayar a ciki ba shi da hanyar fita. Wankin inji ɗaya da aka shanya a ɗaki yana sakin kusan lita 2 na ruwa cikin iska. Numfashin manya biyu a dare ɗaya ya haura rabin lita. Ka haɗa da tukunyar tuwo da ke tafasa a buɗe, da tururin wanka, da ruwan alwala sau biyar a ƙasan banɗaki. Iska mai ɗumi tana ɗauke da wannan ruwa har ta taɓa wuri mai sanyi, sai ta sauke shi, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firij. Idan ɗaki yana digiri 20, danshin iska kuma kashi 60 cikin ɗari, duk bangon da sanyinsa ya sauka zuwa digiri 12 zai jiƙe. Fumfuna ma ba ta jira sai ruwa ya kwanta. Danshin da ke jikin bango ya wuce kashi 80 na 'yan kwanaki, ta samu wurin zama.

Amma kafin komai ka tabbatar daga ina ruwan yake. Ka goge wurin ya bushe, ka yanko leda mai kauri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manne gefunanta huɗu a bangon da salatif, ka bar ta kwana 2. In ka ga raɓa a bayan ledar, ɓangaren da ke kallon ɗaki, gumin iskar cikin gida ne. In kuwa tsakanin leda da bango ya jiƙe, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Wanda ke shigowa daga waje yakan yi tabo guda da ke ƙara duhu bayan ruwan sama, galibi magudanar rufi ce ta toshe ko bututu ke yoyo. Wanda ke tasowa daga ƙasa a hawan ƙasa kawai ake ganinsa, da wuya ya wuce mita 1, yana barin farin gishiri da fenti mai ɓarewa. Waɗannan biyun gyaran mai gida ne, ko za ka kwana da taga a buɗe ba za su daina ba. Naka dai, tunda yana sama a kusurwa da gefen taga, na fi zaton gumi ne.

Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi, ba shi da tsada, ka ajiye a ɗakin kwana nesa da hita. Abin da kake nema kashi 40 zuwa 60. Kowace safiya a share ruwan gilashin taga da tsumma, a matse shi a sink, kada a shanya shi kan hita ruwan ya koma inda ya fito. Sannan a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna wangale na minti 10. Na san za ka ce iskar waje ma ai jiƙe take. Iska mai sanyi ruwan da take iya riƙewa kaɗan ne, in ta shigo ta yi ɗumi sai ta zama busasshiya. Minti 10 wangale ya fi taga a ɗan sakaye yini guda, wadda ke sanyaya bangon kawai. Ƙananan ƙofofin iskar da ke saman firam ɗin taga, waɗanda mutanenmu ke toshewa da tsumma, a bar su a buɗe. Fankar banɗaki da ta kicin ka gwada su da takardar tishu: in ba ta manne ba, fankar ba ta ja, a wanke ta ko a canza. Bayan wanka a bar ta tana aiki minti 20, ƙofa a rufe. Tukunya da murfinta. Gado da kabad a janye su daga bangon waje kamar santimita 10, katifa kuma kada ta kwana a ƙasa kai tsaye.

Batun hita, na san kuɗin gas ne ke sa ka kashe ta, amma ƙure ta awa ɗaya sannan a kashe ta, shi ne ke haifar da gumi, don iska ta yi zafi bango bai yi ba. Ka riƙe gidan a digiri 18 ko kusa. In shanya a ciki ta zama dole, a yi ta a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, da na'urar tsotse danshi a kunne. Irin na'urar mai kwamfiresa, wato mai inji irin na firij, ba ta aiki sosai a ɗakin da bai kai digiri 15 ba, ka duba kafin ka biya.

Wurin wankewa, in tabon bai kai murabba'in mita 1 ba za ka iya da kanka. Yara su fita, ka sa safar hannu da takunkumi, taga a buɗe. Tsumma mai laima da ruwan sabulu, ko maganin fesawa na fumfuna, ka goge, ka jefar da tsumman cikin leda. Kada ka kankare ta a bushe da buroshi, ƙwayoyinta za su tashi su cika ɗakin. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko ruwan tsami, iska mai guba suke fitarwa. Katifa ko kafet da ta ci ciki sai dai a zubar. Fenti sai bango ya bushe sarai.

Ka faɗa wa Maman Fatima, da girmamawa, turaren wuta yana rufe warin ne kawai, hayaƙinsa kuma yana ƙara wa mai tari wahala. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ya fi fumfunar haɗari, gubarsa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ta koma na lantarki, kuma kada a ɗaure wa na'urar gargaɗin hayaƙi leda don ta daina ƙara.

Ka rubuta wa mai gidan yau, a rubuce da hotuna da kwanan wata, ba ta waya ba. A Rochdale nan kusa da ku yaro ɗan shekara 2 ya rasu a 2020, bincike ya tabbatar a 2022 cewa fumfunar gidansu ce sanadi. A 2023 gwamnatin Ingila ta fitar da jagora cewa kada masu gidaje su ɗora laifin danshi kan yanayin rayuwar 'yan haya. In ya yi maka shiru, ka kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, suna da ikon zuwa su duba. Fatima kuma a kai ta wurin likita cikin makon nan, a gaya masa akwai fumfuna a ɗakin da take kwana, kafin nan ta koma falo.

Ka turo mini abin da ledar ta nuna da lambar ma'aunin ta safiya da ta dare. A gaida Maman Fatima da yara.

Naka,
Kabiru